Ta Zo, Ba Ta Sauka Ba

Safiyar wata Laraba ce, a ƙarshen bazarar shekarar da ake shimfiɗa dogo daga Funtuwa zuwa Gusau, can wajen ƙarshen shekarun 1920. Ruwan shuka ya kwana yana zuba a Kuceri, ƙasa ta jiƙu har idan ka tura hannu sai ya nutse, ƙamshinta ya cika gari. Tun kafin rana ta ɗago maza suke wucewa ta ƙofar gidanmu da sungumi a kafaɗa, mata da yara na biye da ƙoƙunan iri. Mu kuwa gidanmu kaf muna tsaye a ƙofar ɗakin kakanmu Malam Tsoho, kamar masu jiran hukuncin alƙali. Babana ya riga ya ɗaura warki, Inna ta wanke ƙoƙuna ta jera, ni har na tsuke zanena. Tsohon yana zaune bisa buzunsa, idanunsa da suka daɗe da mutuwa suna duban inda ba kowa, hannunsa ɗaya a kan tulun da aka liƙe wa baki da laka, inda irin geronmu yake. Ya yi tambayar da yake yi kowace safiya, wato ina labarin shamuwa. Na yi caraf na ce ta zo, ta cika gari, da idona na gan ta. Bai ko juyo wajena ba. Ya ce, "Tumba?" Tumba, yarinyar da ke tsaye kusa da ni, ta gama sosa ƙafarta da ɗaya ƙafar, sannan ta ce, "Ta zo, Malam. Ba ta dai sauka ba." Tsoho ya ƙara jawo tulun jikinsa, Baba ya jingine sungumi a bango, ranar ba mu zuba ko ƙwaya ɗaya a ƙasa ba.

Tumba ta rasu a watan da ya wuce, a ɗakinta a Kekun Waje ta ƙasar Bunguɗu, bayan 'yar gajeriyar jinya. Na je gaisuwa, na zauna cikin mata ina jin ana yabonta: baiwar Allah, ba ta da hayaniya, ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Duk gaskiya ne, na kuma ce amin da zuciya ɗaya, Allah ya jiƙanta ya haskaka makwancinta. Sai dai da na dawo Gusau na zauna ni kaɗai, haushin safiyar nan ne ya taso mini, sabo fil kamar jiya aka yi. Masu yabon ba su taɓa tsayawa da ƙoƙon shuka a hannu suna jiran kalma ɗaya daga bakin Tumba ba.

'Yar goggona ce, taubashiyata ke nan, ta girme ni da 'yan watanni da ta riƙa yi mini gori da su har muka yi furfura. Uwarta ta kawo ta wajen Malam Tsoho lokacin da idanunsa suka tafi, don ta riƙa yi masa ja-gora zuwa masallaci, aka haɗa mu ɗaki ɗaya da tabarma ɗaya. Tare muke ɗebo ruwa a rafi, tare muke surfe, tare muke zama gaban Inna tana koya mana kaɗi, mazarina yana gudu zare yana tsinkewa, nata yana tafiyar hawainiya bai taɓa tsinkewa ba. Aikin da muka fi so shi ne tsaron shanya. Bayan gari akwai wani falalen dutse inda mata ke baza kuɓewa da barkono, a sa yara su kori awaki da kaji. Sauran yara 'yar carafke suke yi, ko su kafa gaɗa har akuya ta cinye rabin shanyar. Mu kuwa rigingine muke yi muna kallon sama. Ban san wadda ta fara ba a cikinmu. Na dai san tun ba mu iya ɗaura zane sosai ba mun san cilakowa da tashinta mai kama da na wanda ke nutso yana tasowa, mun san zalaidu ba ya fid da doguwar wutsiyarsa sai damina ta yi nisa, mun san ragon maza ya fi son laɓewa cikin ciyawa da ya wahalar da fiffike, mun san carki a kan saniya yake, balbela a gefenta. Da yamma sai mu kawo wa Tsoho labari, da haka muka zama idanunsa. Ni nake ba da labarin da daɗi, da hannu da ƙafa, Tumba tana bin baya tana gyarawa. In na ce garken gauraka, sai ta ce akwai zalɓe a ciki. In na ce dinya, ta ce kirinjijiya ce, ban dai ji kukanta ba. Tsoho yakan yi dariya ya ce da ni, "Ke kin ba ni miya, ita ta ba ni tuwo." A lokacin yabo na ɗauka. Sai daga baya na gane wanne ne ake kwana da shi a ciki.

Shi kuwa Tsoho yana da doka ɗaya da ba ta lanƙwasuwa. A tsakiyar gonarmu ta bakin gari akwai wani gawo babba da ya gada daga ubansa, kuma kowace shekara shamuwa biyu kan zo su gyara tsohuwar sheƙarsu a kansa. Kowa a ƙasarmu ya san shamuwa ce mai albishir da damina, ba a jifarta, ba a taɓa ƙwanta. Amma Tsoho ya ƙara nasa a kai. Ya ce a ƙuruciyarsa ya taɓa bin ruwan farko ya zuba iri, shamuwa tana ta yawo a sama ba ta zauna ba, ruwa ya ɗauke, shuka ta tsiro ta ƙone, gidansu suka ga abin da suka gani. Tun daga ranar ya ɗau alkawari ba za a fasa tulun iri a gidansa ba sai shamuwa ta sauka a kan gawon nan da tsinke a baki. "Mai wucewa baƙuwa ce," in ji shi, "wadda ta ɗauki tsinke ita ta san abin da ta hango." Ya kuma sha faɗa a gaban kowa cewa duk wanda ya ɗora wa gawon gatari, ko bayan ransa ne, bai yafe ba.

To, gatari ya riga ya hau. Ranin shekarar ya yi tsanani, ciyawa ta ƙare, sai wasu Fulani da suka saba sauka a gonarmu kowane rani, shanunsu su bar mana taki, suka zo wa Baba da roƙo. Gawo shi ne itacen da ke kore lokacin da komai ya bushe, shanun kuma sun fara kwanciya ba sa tashi. Baba mutum ne mai taushin zuciya. Ya ce su saro 'yan rassan ƙasa, ya kama hanyar kasuwar Tsafe. Kafin ya dawo samarin sun hau sun yi wa gawo ƙwal, sheƙa da komai sun zo ƙasa, saura gangar jiki da dungayen rassa, kamar wata ƙatuwar taɓarya da aka kafa a gona. Ban ga laifin shanu ba, masu su ma ban ga nasu sosai ba. Baba ya tara mu a bayan rumbu, ya ce da murya ƙasa-ƙasa kada wanda ya kai wa Tsoho wannan magana, don ya fi tsoron bakin uba da yunwa. Zatonsa kafin damina itacen zai yi wani abu, shamuwa ta samu inda za ta dafa. Duk muka ce to. Tumba ma ta ce to, kuma daga wannan "to" ɗin nata wahalarmu ta fara, don ita in ta ce to, ta ce ke nan.

Shamuwa ta zo a kan lokacinta. Ta cika fadama tana tsintar fara, baƙin baya, farin ƙirji, gwiwoyi ja kamar ta durƙusa a kan lalle. Ta sauka a tsamiyar masallaci, ta sauka a kukar bakin kasuwa, har a rimin gidan maƙera. Na kawo wa Tsoho duk wannan, ya ce tsamiyar masallaci ta Liman ce, shi gawonsa ya tambaya. Kullum sai ya juya ga Tumba, kullum amsa ɗaya. Ba za ta ce ta sauka ba, don ba ta sauka ba. Ba za ta faɗi dalili ba, don ta yi wa kawunta alkawari. Ta cije a tsakiya kamar jakin da ya ga ruwa, gidan gaba ɗaya ya tsaya a bayanta. Iri kuwa ba a samun na aro a shekarar, don kakar da ta wuce ba ta yi auki ba, kowa ɗan abin da ya ɓoye shi ya zuba a ƙasa. Ko da an samu, Baba ba zai sari rami ɗaya ba sai da bismillar ubansa. Abin da ke cikin tulun nan shi ne tuwonmu na shekara mai zuwa, kuma duk ranar da ta faɗi sai ta gutsuri wani abu daga ciki.

Ba irin lallashin da ba a yi mata ba. Baba, babban mutum da gemunsa, ya tsuguna gaban yarinya yana cewa ai ba ƙarya ba ce, shamuwa ta sauka mana, ba sai an ce ina ba. Ta ce, "Kawu, shi ya ce ina." Inna ta ba ta ƙanzo da man shanu, ta cinye ta gode, gari ya waye ta maimaita abinta. Ni na bi ta hanyar taubasantaka, na zage ta tas, na daina kama mata tulu idan za ta ɗauka, na ja tabarma na bar ta a ƙasa. Ko a jikinta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba daɗin abin take ji ba, don na sha kama ta tana share ido a bakin rafi. Amma da na ce to ki faɗi kalmar mana mu huta, sai ta dube ni kamar na ce ta buɗe hannu ta tashi sama. Inna ta gaji ta ce, "Ke da gawon nan uwarku ɗaya. Kowa ya yi kore ku kaɗe, kowa ya kaɗe ku yi kore."

Dabarar da ta fito daga kanta ita ta ƙarasa ni. Ta ce tun da wurin zama shamuwa ta rasa, mu ba ta. Muka saci jiki da tsohon kwandon audugar Inna da tsanin rumbu, muka ja su har gona da tsakar rana, maƙwabta na duba tsiron geronsu suna binmu da ido. Kowa ya san mace ba ta hawan itace, kowa kuma ya san ƙayar gawo. Sai ku tambaya wa ya hau. Tumba ta ce daga ƙasa aka fi ganin inda ya dace, kuma ita ta fi ni ido, don haka ni na hau, ƙaya tana yi mini tsaga a ƙafa da hannu, ita tana tsaye da hannu a ƙugu tana cewa in matsa gabas kaɗan, a'a na zarce, in dawo. Na cusa kwandon tsakanin dungu biyu, na zuba masa kara, na sauko da jini a gwiwa. Muka laɓe bayan wani suri muna jira. Kafin la'asar wani abu baƙi mai farin ƙirji ya sauko ya zauna daram a cikin kwandon, har da tsinke a baki. Na damƙi hannunta, na ce alhamdu lillahi, ga baƙi, ga fari, ga tsinke, mu ruga gida. Ta kare ido da tafin hannu ta daɗe tana dubawa, kamar akwai abin dubawa, sannan ta ce, "Hankaka ne." Na sani sarai hankaka ne. Wa bai san hankaka ba? Ina dai ganin idan Allah ya turo maka baƙi da fari a irin wannan rana, ba ka tsaya auna tsawon ƙafa ba. Kwandon bai dawo ba, hankaka ya gaje shi, Inna kuma a kaina ta sauke haushinta, don ni aka gani a sama.

Ruwa ya sake sauka, ya kuma sakewa. Geron maƙwabta ya rufe idon sawu, gonarmu tana kwance baƙa wuluk da takin Fulani, ciyawa kaɗai ke cin daɗinta. Inna ta daina waƙa a kan dutsen niƙa. Baba ya rame, sau da yawa yakan doshi ɗakin ubansa ya dawo daga bakin ƙofa. Tsoho da kansa ya fara damuwa, don yana jin kukan kwaɗi yana jin ƙamshin ƙasa, kunnensa da hancinsa suna gaya masa abin da idanunsa na aro suka ƙi gaya masa. Wata safiya, bayan ya ji amsar da ya saba ji, bai sallame mu ba. Ya ja carbi, sannan ya ce, "To in ba ta sauka ba, mi takan yi?" Tumba ta gyara tsayuwa ta ba shi labari tiryan-tiryan, yadda take ba da labarin kowane tsuntsu. Su biyu ne, sukan taso da hantsi daga wajen fadama, su kewaye gawo, ɗayar ta saki ƙafafu ta buɗe fiffike kamar za ta dafa, sai ta tarar ba reshe, ta naɗe ƙafa su wuce tsamiya. Tsoho ya ce, "Ba reshe?" Ta ce, "Ba reshe, Malam." Ya ce ina rassan suka tafi. Ta ce wannan ba labarin tsuntsu ba ne, a tambayi Kawu.

Tsoho ya kira Baba. Baba ya shiga ɗakin da rarrafe, mu aka kore mu. Daga bayan danga muka riƙa jin muryar Tsoho tana hawa tana sauka, amma ba mu ji kalmar da Baba yake tsoro ba. Abin da na tsinta kawai shi ne, "Don itace ka bar ɗiyanka da yunwa? Ni makaho na, kai mi ya same ka?" Shi da ya kafa dokar, ko kunya. Sai muka ji ƙarar fasa laka. Tsoho ya fito da kansa rungume da tulu, ya yi bismilla, ya lalubi ƙoƙon kowa ya zuba masa. A kan hanyar gona, ina gudu ina kukan haushi, na tambaye ta me ya hana ta faɗin wannan tun ranar farko, tun da ashe akwai hanyar faɗa. Ta ce ai ba a tambaye ta abin da shamuwa ke yi ba, sauka aka tambaye ta. Wallahi da ba iri ne a hannuna ba, da ƙoƙon a kanta ya fashe.

Mun yi shuka a makare, ƙasa kuma ba ta yafe mana duka ba. Lokacin da yaran maƙwabta ke gasa tumu, ƙamshi yana shigowa ta kan danga, mu tafasa da rama muke ci. Da kowa ya girbe, geronmu kaɗai ya rage tsaye a bakin gari, sai buwa, 'yan tsuntsayen nan masu jan baki, suka taru a kansa kamar hayaƙi. Aka kafa mu a kan rumfa ni da ita, muna jan igiyar sakaina muna ihu har murya ta dushe. Abin da aka ɗaure bai cika rumbu ba, amma takin ya yi rana, da ɗan geron da 'yar dawa da wake muka lallaɓa muka ga wata damina, ba mu rasa kowa ba, Allah shi ne abin godiya. Tsoho bai ƙara maganar gawo ba, bai kuma ƙara ɗaure tulunsa a ƙafar tsuntsu ba. Da shekara ta zagayo cewa ya yi Baba ya tura hannu a ƙasa ya gani. Tumba kuwa ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, ba ta kuma taɓa cewa ta yi daidai ba. Duk lokacin da na tayar da zancen, har bayan mun yi jikoki, sai ta ce, "Ke dai Rakiya kin cika son magana."

Girma ya raba mu. Ni aka kai ni makaranta, daga baya aure ya ajiye ni a Gusau, ita ya kai ta Kekun Waje. Amma ba mu bar kallon sama ba. Idan biki ko suna ya haɗa mu, mata na cikin ɗaki ana ta hira, mu muna bayan gida a kan tabarma da wuya a ɗage, ina cewa ga kaza, tana cewa ba shi ba ne. Karatun da na yi bai taɓa sa ta sassauta mini ba. Har saƙo takan aiko da masu zuwa kasuwa, ba na gaisuwa ba, na gyara: a gaya wa Rakiya abin da ta ce ta gani a tafkin Mada ba jinjimi ba ne, balbela ce ta shiga taɓo. Sau nawa na rantse ba zan ƙara gaya mata komai ba, sau nawa kuma na wayi gari ina cigiyar mai zuwa Bunguɗu.

Yanzu rediyo ke faɗin lokacin shuka, iri a buhu ake sayo shi, inda manyan itatuwan bakin gari suke ya zama rumfunan kwano. Jikokina suna da ladabi, Allah ya yi musu albarka. Idan na zauna a tsakar gida da la'asar na nuna sama na ce ga shirwa, sai su ce haka ne, Hajiya, ba tare da sun ɗaga kai ba. Ran nan na gwada su, na nuna tsattsewa na ce mikiya ce, suka ce haka ne, Hajiya. Na daɗe zaune hannuna a sama, sannan na tashi na yi alwala na yi wa Tumba addu'a. Ashe mai musa maka shi ne yake duban inda kake duba.